Rantsuwar Yaya Kesavan a Kan Ayaba da Madara

Yayana Kesavan mai maganin gargajiya ne, haka ubanmu, haka kakanmu, kuma in aka haɗa taurin kan su ukun ba na jin akwai gatarin da zai fasa shi. Ni ce Narayani, ƙanwarsa. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, ni ke dafa masa abinci, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

A gidanmu ba a ɓare ayaba a jefa baki haka kawai kamar biri. Ayaba tana da doka. Yaya ya ce aba ce mai nauyi mai sanyi, sai wutar cikin mutum tana ci sosai take iya narkar da ita. Siriri mai bushewar jiki, wanda iska ta yi wa yawa, ya ci nunanniya wadda baƙi ya fara fito wa ɓawonta. Mai zafin jini mai saurin fushi, wato ni a cewarsa, ta ci da hantsi ko ta huce. Mai majina ko mai mura ya kalle ta daga nesa, in kwaɗayi ya matsa masa a turara masa ita da garin citta. Mai gudawa a dafa masa ɗanya. Da rana ta faɗi kuwa ba mai taɓa ta. Amma uwar dokokin duka ita ce, ayaba da madara ba sa haɗuwa a ciki ɗaya. Wai kowacce ita kaɗai mutuniyar kirki ce, in suka haɗu sai su kashe wutar ciki, su bar dauɗa tana yawo a jiki.

To, sai ga 'yarsa tilo, Ambili, ta auri mutumin da ba shi da sana'a a duniya sai haɗa su.

Matar Yaya ce, Sarada, ta kawo maganar yaron. Ta ce sunansa Prakasan, yana da shago a tashar mota, yana harkar kayan marmari. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ƙarasa ba. Ranar da yaron ya zo gaisuwa, Yaya ya sa shi ya fito da harshe, ya dafa jijiyar hannunsa, ya ce lafiyayye ne, a ba shi. Aka sha biki. Sai bayan an watse da 'yan makonni Yaya ya je tasha karɓar saƙon saiwoyi, ya ce bari ya leƙa shagon surukinsa. Ya tarar da shi yana ɓare ayaba yana jefawa a injin markaɗe, yana antaya madara mai ƙanƙara a kai, ga sukari, ga 'yan makaranta sun yi layi suna haɗiyar yawu. Wai sunan abin Sharja. Wanda ya raɗa masa sunan, oho.

Ko saiwoyin bai karɓo ba. Ya dawo ya tsaya gaban fitilar tagulla da muke kunnawa don ibada da magariba, ya rantse hannunsa ba zai taɓa abinci a gidan mutumin nan ba muddin yana numfashi. Sarada tana kankare kwakwa a lokacin, ko kai ba ta ɗaga ba. Da ya shige ɗaki ta ce mini in bar ta da shi, ta san inda igiyarsa take.

Ba ta samu ta kwance shi ba. Kafin damina ta ɗauke, ciwon zuciyar da take fama da shi tun tana budurwa ya tafi da ita. Na yi kuka har idona ya kumbura, don ita kaɗai ce a gidan nan nake yi wa faɗa ta yi dariya. Aka bar mu da Yaya da rantsuwarsa, ba mai sanin ta inda za a ɓullo masa.

Da cikin Ambili ya tsufa ta dawo gida haihuwa yadda aka saba, ta haifi mace, aka sa mata Sarada. Ai sai ka ga tsoho ya zama abin dariya. Mutumin da marasa lafiya ke rawar jiki a gabansa, ga shi yana rarrafe a tabarma yana kukan akuya don jaririya ta yi murmushi. Shi ya haɗa man da ake shafa mata, shi ke taɓa ruwan wankanta ya ce ya yi zafi. Prakasan in ya zo ganin 'yarsa, Yaya sai ya amsa gaisuwa a taƙaice ya shige ɗakin magani yana daka abin da ba ya bukatar daka. Shi kuwa bawan Allahn nan, ƙato ne, ƙirjinsa kamar ƙofar rumbu, amma da ya hango surukinsa sai ya saki ɗaurin zanensa ya sauka har idon sawu don girmamawa, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ambili ta koma ɗakinta da 'yarta. Da yarinya ta shiga wata na shida aka tsayar da ranar da za a sa mata shinkafar farko a baki, a gidan ubanta. Ambili ta zo da kanta ta ce Baba ne zai sa mata lomar farko. Yaya ya ce ya sa albarka daga nan. Kowa ya san dalili: wanda ya ba jariri lomar farko ba ya tashi sai ya zauna gaban ganyen ayabar da muke zuba abinci a kai ya ci abincin gidan, in ya ƙi ci kuwa ya zagi gidan a gaban dangi.

Ambili ba ta yi kuka ba, jininsa ce. Ta gyara wa 'yarta kwanciya a kafaɗa ta ce, "To, Baba, in ba hannunka ba, ba hannun kowa. Ta yi ta shan nono har ta yi haƙora, har ta shiga makaranta."

Ta fita. Na san ba wasa take ba, shi ma ya sani. Uwar Prakasan ta riga ta gayyaci dangi har daga garin Palakkad, an yi maganar mai girki, an sayi ɗan ƙaramin zanen da za a ɗaura wa yarinya. In ranar ta zo babu kaka, Ambili za ta rungume 'yarta ta ƙi miƙawa, ta ja wa kanta abin faɗa a gidan miji har ta tsufa. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Washegari ina zuba masa kunun shinkafa raina ya ɓaci, na sauke masa kwandon masifa. Na ce masa in da gaske abin nan guba ne, wane irin mai magani ne shi da zai zauna a inuwa yana kaɗa ƙafa alhali rabin gari na shan guba a tasha? Na ce ashe rantsuwar tasa ta ciki ɗaya ce kawai, nasa, na sauran mutane ko oho. Na faɗa ne don in ƙona masa rai, ba da wata dabara ba. Sai ya ajiye kwano, ya ɗauki lemarsa, ya fita.

Da azahar na ji labari wurin mai kawo mana kifi: Yaya yana tsaye a ƙofar shagon Prakasan yana tare masu saye.

Na bar tukunya a wuta na tafi. Na same shi tsaye ƙyam ƙarƙashin lema, wani kwandasta ya zaro harshe a gabansa kamar kare a rana. Yaya ya duba, ya ce masa harshensa ya yi fari fat, majina ta cika shi, in ya sha abin nan yau gobe ba zai iya kiran sunan gari ba. Kwandasta ya yi godiya, ya sunkuya ya taɓa ƙafar Yaya yadda ake yi wa manya, ya juya ya ce wa Prakasan a ba shi babban kofi. Prakasan yana bayan teburi gumi na zuba, in ya kunna injin sai ya yi saurin kashewa, kamar ƙarar ce laifin.

Ya fito da kujera ya ajiye, Yaya ya yi kamar bai gani ba. Kashegari kujerar na nan a daidai inda yake tsayawa, wai mantawa aka yi ba a shigar da ita ba. Ƙafa ba ta san rantsuwa ba, sai ya zauna. Ruwan shansa daga gida yake zuwa da shi, abincin rana kuwa ni ke kai masa a jeren kwanuka, ina tafe ina zagin kaina da bakin da ya jawo mini wannan aiki.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka: a tasha ana duba harshe kyauta. Direbobi, masu dako, malaman makaranta, matan da suka dawo daga kasuwa, har wani ɗan sanda mai tumbi wanda Yaya ya ce wa shi da ayaba sai bayan damina. Kowa ya zo a faɗa masa ko shi na iska ne, ko na zafi, ko na majina, ya tsaya ya yi gardama cewa shi ba na majina ba ne, sa'an nan ya ji ƙishi. Prakasan kuwa kunnensa na wurin. Da ya ji tsoho ya ce wa wata a turara mata ayaba da man shanu, washegari sai ga tukunya a gefen shago tana tururi. Da ya ji an ce mai gudawa ya ci ɗanya dafaffiya, ita ma ta bayyana. Yaya ya riƙa nuna tukunyar da bakin lema ba tare da ya kalli mai ita ba, yana cewa a ba wannan guda, a ba wancan rabi. Na ce masa sannu da aiki, yaron shago. Ya ce in yi masa shiru, zafina ne ya motsa.

Duk da haka injin bai daina kuka ba, ranar kuma sai matsowa take. Na je wurin Ambili na ce ta sassauta, ta bar kakan yarinya na wajen uba ya ba ta. Ta ce, "Gwaggo, uwata ba ta nan. Shi kaɗai ya rage mini da zai tsaya a madadinta." Na sha shayina na taso.

Ranar kasuwa abin ya fashe. Na kawo abinci ke nan, wata yarinya 'yar kwaleji ta wuce ta gaban Yaya da kofinta, sai na ga hancinsa ya motsa. Ya ce ta tsaya. Ya karɓi kofin, abin da bai taɓa yi ba, ya kai hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa. Fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya shiga cikin shagon, karon farko tun da aka gina shi, ya ce a nuna masa abin da ake barbaɗawa a kai.

Prakasan ya miƙo wani ɗan gwangwani. Ni ma daga inda nake na gane ƙamshin. Busasshiyar citta ce da aka ɗan gasa a kasko da ɗigon man shanu, aka daka da masoro kaɗan. Haɗin gidanmu ne, na tada wutar ciki, kakanmu ya koya wa ubanmu, ba a sayar da shi ko'ina. Yaya ya ce ashe abin har ya kai Ambili ta kwashi sirrin gidan ubanta ta zuba a cikin ƙazanta. Mutane suka fara taruwa.

Prakasan ya ce, "Ba Ambili ba ce, Baba. Mama ce."

"Wace Mama?"

"Mama Sarada."

Na ajiye kwanukan a ƙasa don kada su zube. Ƙaton nan ya sunkuyar da kai ya yi ta bayani kamar mai amsa laifin kisa. Ya ce tun yana yaron shago a wurin, kafin ya zama nasa, duk ranar kasuwa in ta gama cefane sai ta biyo ta ƙofar baya. Ya ɗaga labule ya nuna mana wata 'yar kujera a bayan buhunan sukari, inda ba a hango mutum daga titi. Nan take zama, ta ajiye kwandonta, a haɗa mata ƙaramin kofi. Sai ta kwance bakin sarinta, wato dogon zanen da muke naɗawa, ta fito da garin nan ta barbaɗa. Da ya tambaye ta mene ne, ta ce masa maigidanta ya ce ayaba da madara ba sa zama ciki ɗaya sai sun yi faɗa, kuma gaskiyarsa ne, shi ya sa take zuwa da mai raba su. Daga baya ta koya masa yadda ake gasawa, ta ce ya riƙa sa wa 'ya'yan mutane, kada alhakinsu ya kama shi.

Kai! Shekara da shekaru ina raka matar nan har bakin kasuwa, ta ce mini in wuce gida za ta tsaya wurin tela. Ina ta mamakin rigar da ba ta ƙarewa.

Na zuba wa Yaya ido, ina tsoron ko ya faɗi ko ya fasa wani abu. Ya daɗe yana kallon kujerar nan, sa'an nan ya yi tambaya a hankali, da muryar da yake yi wa marasa lafiya.

"Da ƙanƙara take sha?"

"A'a, Baba. Nata daban nake ajiye madara, wadda ba ta shiga firji ba."

"Da yamma fa?"

"Ba ta taɓa wuce hantsi ba."

"In tana mura?"

"Sai ta leƙo mu gaisa ta wuce."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce to, ashe tana jin magana. Ya juya gwangwanin a hannunsa, ya lakato garin ya ɗora a harshe, ya ce masoron ya yi yawa, ita ma haka take yi, ya faɗa mata ya gaji. Daga nan ya ɗauki lemarsa ya kama hanyar gida, ko abincin bai waiwaya ba. Ina biye da shi a baya ina sharar hawaye da bakin zane, rabi na kewarta, rabi na haushin telan da babu shi.

Bai koma tasha ba. Ya yini a bayan gida wurin ayabar da Sarada ta dasa kusa da rijiya, yana cire busassun ganye. Na yi masa magana da daɗi, shiru. Na yi da masifa, shiru. Ranar shinkafa da safe na yi wanka na sa farin sarina, na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ce zan tafi in ga yadda 'yarsa za ta sha kunya, in yana da saƙo in kai. Ya ce in rufe ƙofa, iska na shigowa.

Gidan Prakasan ya cika. An kunna fitila, an shimfiɗa ganyen ayaba a gabanta da shinkafa da gishiri da man shanu da ɗan abin zaƙi. An ɗaura wa yarinya zanenta mai bakin zinariya, tana ta ƙoƙarin cinye shi. Ambili na zaune da ita a cinya, ta riƙe ta gam, idonta a ƙofa. Uwar miji ta zo ta raɗa mata cewa lokacin da aka zaɓa yana wucewa, ta yi kamar ba da ita ake ba. Baƙin Palakkad suka fara kallon juna. Ni kuwa har na fara shirya ƙaryar da zan yi, in ce ƙafa ce ta kama shi.

Sai muka ji ana kaɗe lema a baranda.

Ya shigo da farin zanensa na zuwa haikali, wanda rabonsa da shi tun rasuwar Sarada, da ayaba guda ɗaya a hannu, 'yar ƙarama, ta nuna har ta fara baƙi. Bai gai da kowa ba sai uwar gidan. Ya zauna, Ambili ta ɗora masa yarinya a cinya. Ya taɓa mata gishiri a harshe ta yamutsa fuska, ya murje shinkafa da man shanu ya sa mata, ta tofar da rabi a zanensa. Sa'an nan ya ɓare ayabar, ya ce daga bayan gidanmu take, ya lakato kaɗan da yatsa. Wannan kam ta karɓa, ta kama yatsan da hannu biyu tana tsotsa, mata suka yi ta dariya.

Tana gamawa sai ta juya wurin uwarta, ta miƙa hannu, ta tsala kuka. Duk macen da ke ɗakin ta san kukan, nono take so. Ambili ta miƙo hannu za ta ɗauke ta, sai ta tsaya cak. Ayaba na cikin yarinya, ga madara tana nema, ga Kesavan mai magani a zaune. Kowa ya zuba wa Yaya ido, har mai girki ya leƙo da ludayi a hannu. Ni na toshe bakina da sari don kada dariya ta kuɓuce mini.

Yaya ya dubi yarinyar tana ta wutsil-wutsil, bakinta duk ayaba. Ya ɗaga ta ya miƙa wa uwarta.

"Ba ta," in ji shi. "Sarada ce. Ko na hana, ta ƙofar baya za ta bi."

Ɗaki ya kece da dariya, Ambili kuwa ta rungume 'yarta ta fashe da kukan da ta riƙe tun rasuwar uwarta. Idon Yaya ma ya kaɗa, ya ce hayaƙin fitila ne.

Aka jera ganye don baƙi. Ya tashi ya wanke hannu, ya zo ya zauna a kan layi na farko, ya yayyafa wa ganyensa ruwa ya share. Prakasan na tsaye can nesa da bokitin shinkafa, ya kasa matsowa. Yaya ya ɗaga kai ya harare shi.

"Tsayuwar me kake yi, ɗana? Zuba."